Tsoho Ya Ƙi Tafiya: Ko Laifi Ne?

'Yan'uwa masu karatu, ina so in kawo muku wata magana da ta dame ni tun kakar bara, watakila akwai waɗansu cikinku da take damunsu.

Mahaifina ya haura shekara 80. A zamanin ƙarfinsa mai bishara ne a ƙauyukan ƙasar Malumfashi. Da ƙafa ya fara, daga baya ya sami keke. Ba kasuwar da bai ci ba a wannan yanki, rani da damina, da Littafi Mai Tsarki cikin jakar fata, fassarar nan ta 1932 wadda har yau ita bakinsa ya saba da ita. Yanzu kuwa iyakar tafiyarsa daga ɗaki zuwa gindin darbejiya, ran Lahadi kuma zuwa majami'a, yana dogara sanda. Ido ya yi rauni, gwiwa ta ƙi.

Da mahaifiyarmu ta rasu, na je na ce, "Baba, ka shirya mu tafi Zariya. Na gyara maka ɗaki, ga asibiti kusa, ga jikokinka." Ya yi shiru, sa'an nan ya ce, "Malam, Allah ya yi maka albarka. Amma a can wa ya san ni? A nan ko yaro ya zo wucewa sai ya tsuguna ya gaishe ni. A can sai in zama kaya a ɗaki." Na matsa, ya ƙi. Na komo raina a ɓace, ina cewa taurin kan tsufa ne. Kunya kuma ta kama ni, gama me jama'a za su ce? Fasto yana wa'azin girmama iyaye, ga nasa uban a ƙauye.

To, mene ne girmama iyaye? Ka yi musu abin da kai ka ga ya fi, ko kuwa ka kasa kunne ga abin da su ke so?

Amsa ta fara zo mini daga Littafin Sama'ila na Biyu, sura 19. Barzillai, mutumin Rogelim ta ƙasar Gileyad, ya ciyar da sarki Dawuda a Mahanayim sa'ad da ya ke gudun ɗansa Absalom. Da sarki zai koma, ya gayyace shi Urushalima domin ya riƙe shi a fada. Tsohon nan mai shekara 80 ya raka sarki har Urdun, amma ya ƙi wucewa gaba. Ya ce ɗanɗanon abinci da muryar mawaƙa sun fita daga gare shi, ba ya so ya zama nawaya, ya fi so ya mutu a garinsu kusa da kabarin iyayensa. Ya ba da Kimham a madadinsa. Ku lura, Dawuda bai tilasta masa ba. Ya sumbace shi, ya sa masa albarka, ya bar shi ya koma. Kalibu kuwa yana da shekara 85 ya roƙi Joshuwa ƙasar tuddai ta Hebron domin ya ci ta da yaƙi. Wannan ya tafi, wancan ya zauna, Littafi bai zargi ko ɗaya ba.

Sai na koma na kwana uku wurin Baba, ba da nufin gardama ba. Da asuba na ji shi yana addu'a, yana kiran sunayen mutane ɗaya ɗaya, har da nawa. Da hantsi wani magidanci da matarsa suka zo da rigimarsu, suka tashi suna dariya. Da la'asar mai bisharan da ya gaje shi ya zo neman shawara. Ashe ƙafa ce ta gaji, aikin bai ƙare ba. Dā shi ke zuwa wurin mutane, yanzu su ke zuwa wurinsa. Na kuwa binciki zuciyata, na tarar rabin abin da na kira ƙauna sauƙin kaina ne da tsoron bakin mutane.

Kada wani ya ɗauki wannan hujjar yasar da tsohonsa. In ciwo ya kwantar da shi, ba mai ba shi ruwa, wajibi ne a ɗauke shi ko yana so ko ba ya so. Amma muddin hankalinsa yana nan, kada mu ƙwace masa ikon zaɓi domin kawai ƙarfinsa ya tafi.

Mun shirya ɗan ƙanensa da iyalinsa su zauna tare da shi, ni kuma ina zuwa kowane wata. Hausawa sun ce zumunta a ƙafa ta ke, yanzu ƙafar tawa ce. Ban ɓoye muku ba, in aka kira ni da dare gabana yakan faɗi. Ranar da zan taho ya kama hannun wani maraya ya sa a nawa, ya ce, "Ga wanda zai bi ka. Ka sa shi makaranta." Yaron yana gidana yau.

Ubangiji ya koya mana girmama tsofaffinmu, gama mu ma hanyar nan mu ke bi. Amin.