Sa'ad da Mawaƙi Ya Koma Gona

Karatu: Nehemiya 13:10-13

Da Nehemiya ya dawo Urushalima daga wurin Sarki Artashate, ya tarar Lawiyawa da mawaƙan Haikali sun watse, kowa ya koma gonarsa. Ba muryarsu ce ta dushe ba. Jama'a ne suka daina kawo rabon da ake ciyar da su.

Na san wani ɗan'uwa mawaƙin bishara da ya ci bashi ya shiga situdiyo ya ɗauki waƙoƙinsa, yana sa zuciya cinikin faifai zai biya. Kafin wata ya ƙare waƙoƙin sun bazu cikin wayoyi ta WhatsApp, har Zumuntar Mata suna rera su, amma ko dala ba ta shiga aljihunsa ba. Mai bashi ya fara jiransa a ƙofar majami'a ranar Lahadi. Sai ɗan'uwan nan ya koma bin bukukuwa yana kirarin masu kuɗi, da bakin da Ubangiji ya ba shi domin yabo. Daga baya ya sayar da piyanonsa. Yau kabu-kabu yake yi. Karin Magana 22:7 ta kwatanta cin bashi da bauta, ni kuwa na ga bautar da idona: mai bin ka kuɗi shi ne ke zaɓar waƙar da za ka yi.

Kai mawaƙi, zauna ka yi lissafi tukuna, kamar mai ginin da Yesu ya ambata a Luka 14:28. Gara ka shiga adashe ka ɗauki waƙa ɗaya da kuɗinka. In kuwa ka riga ka ci bashin, kada ka kashe waya ka ɓuya. Je ka sami mutumin, ku shirya biya kaɗan-kaɗan, ka kuma gaya wa matarka gaskiya.

Amma ka lura, ba mawaƙan Nehemiya ya tsauta wa ba, shugabanni ne. Ya sa aka kawo ushirin hatsi da ruwan inabi da mai, ya naɗa amintattu su raba. Mu fa? Muna kiran mawaƙi ya kwana yana waƙa a taronmu, mu sallame shi da kwanon shinkafa da "Allah ya sa albarka". Ni ma na yi haka, ina kuwa jin kunya. Kai da waƙarsa ke cikin wayarka, nawa ka taɓa ba shi?

Addu'a: Ya Uba, ka buɗe wa bayinka mawaƙa hanyar biyan bashinsu, ka buɗe hannuwanmu gare su. Cikin sunan Yesu, amin.