Wa Za a Fara Ɗauka, Shata ko Makaɗin Gayya?

Duk ɗakin ajiya, komai kyansa, akwai ranar da za a ce a kwashe kayan ciki. Ko rufi ya fara yoyo, ko gara ta shiga, ko an gina sabo. Tambayar da nake so mu duba ita ce: in kayan nan waƙoƙi ne, kuma ba zai yiwu a tsirar da su duka a lokaci guda ba, wanne ya cancanta a fara ɗauka?

Ba tatsuniya nake yi ba. A 1954 wani Bature mai suna Hugh Tracey ya kafa ɗakin ajiyar kiɗe-kiɗen Afirka kusa da Johannesburg. Ya rasu a 1977, sai a 1978 ɗansa Andrew ya kwashe kayan ya mayar Jami'ar Rhodes. Mu ma a nan muna da irin wannan dukiya a warwatse: a Rediyon Kaduna da ya fara aiki a 1962, da Rediyon Kano, da jami'o'inmu na Zariya da Kano da Sakkwato, har da ƙasashen waje, domin irin su David Ames sun ɗauki kiɗan Hausa a Zariya tun shekarun 1960.

Yawancin tsofaffin waƙoƙin nan a kan zaren rikoda suke, watau siririyar roba da aka manna wa garin ƙarfe. Laimar damina takan lalata abin da ya riƙe garin, zaren ya yi danƙo ko ya yi fumfuna. Injinan da ke juya shi kuwa an daina ƙera irinsu, har UNESCO ta yi gargaɗi a 2019 cewa lokaci ya kusa ƙurewa. Magani shi ne a juye su cikin kwamfuta, amma fa zaren awa ɗaya sai an saurare shi awa ɗaya. Saboda haka dole a yi layi, kuma na ƙarshen layi yana iya mutuwa kafin a zo kansa. Ka ga ke nan aikin da ake ɗauka na leburanci ne ya koma hukunci.

In aka tambayi ɗalibai ɗari, ina jin casa'in za su ce a fara da Shata, sai Narambaɗa, sai Ɗanƙwairo. Hujjarsu ba ta banza ba ce: su ne gwanaye, kuma abin da ya fi kyau shi ya fi cancantar a tsirar. Ni dai ban yarda ba, kuma a gonakin Gezawa na samo dalilina.

Ƙasarmu ta Gezawa ba ta san hutu ba. Kowace shekara ana noma ta, da takin da ake tarawa a gida da wanda ake ɗaukowa daga birni. Manomin irin wannan wuri, in zai gyara rumbu, ba damman ci yake fara fitarwa ba, ko da yake su ne masu yawa. Ɗan daurin iri yake fara ɗaukewa ya kai ɗaka. Hatsin ci in ya ɓaci, ranar kasuwa ya auno wani. Amma irin ƙaura ko farafara da ya gada, wanda ya san halin gonarsa, in ya tafi ya tafi ke nan. Watau ba yawa ko daraja yake dubawa ba, abin da ba shi da madadi yake dubawa.

To, mu auna waƙa da wannan mudu. Shata ya rasu a 1999, Ɗanƙwairo a 1991, amma muryoyinsu suna cikin kaset da waya da motar haya, har Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau ya rubuce waƙoƙi da yawa na irinsu a cikin diwaninsa. Makaɗin gayya fa, wanda ke bin manoma kunya-kunya da gangar noma yana yi wa kowa kirarin gidansu? In an taɓa ɗaukarsa, sau ɗaya ne, a zare ɗaya, wataƙila ma ba a rubuta sunansa a bayan kwalin ba. Haka waƙar niƙa, wadda injin niƙa ya kashe ba tare da kowa ya yi ta'aziyya ba. Haka waƙar daka da ta gaɗa. Waɗannan su ne irin, kuma su ne kullum ke ƙarshen layi, don ba su da sarki ko attajirin da zai tambayi inda aka kai su.

Abin da ya faru a Gini ya isa misali. A zamanin Sékou Touré kamfanin gwamnati mai suna Syliphone shi ke fitar da faifai, kuma waƙoƙin Malinke ya fi fitarwa, na Fulani kaɗan ne. Tsakanin 2008 da 2013 wani mai bincike daga Ostireliya, Graeme Counsel, ya juye zarurrukan gidan rediyon Konakiri, waƙoƙi fiye da 9,000, sai ga waƙoƙin Fulani a ciki da ba su taɓa hawa faifai ba. Da wani ya tace ɗakin nan gwargwadon wanda ya yi suna, da ya ƙarasa aikin da siyasa ta fara.

Na san akwai mai cewa, to ai cikin waɗannan zarurruka akwai kiɗan bori, da zambo, da batsa, me zai sa a kashe kuɗin jama'a a kansu? Wannan magana ba ta raini ba ce, kuma masu faɗinta ba jahilai ba ne. Sai dai ajiye abu daban, yarda da shi daban. Malamanmu na zaure har yau suna karantar da waƙoƙin Jahiliyya, har da na Imru'ul Ƙais, wanda ba wanda zai ce kamili ne, saboda Larabcin da ke ciki. Da magabata sun ƙone su don tsoron Allah, da an rasa babban makamin fassara. Hausar da ke bakin mai garaya ma ba ta cikin ƙamus duka. Inda na yarda da su shi ne wajen buɗewa: zambon da aka yi wa mutumin da jikokinsa ke raye, ko muryar matan aure da aka ɗauka a cikin gida ba don rediyo ba, a ajiye, amma kada a baza wa kowa.

Akwai kuma hasarar da ra'ayina ke jawowa, ba zan ɓoye ta ba. Waƙar Shata da ke cikin waya juyi ce a kan juyi, kalangun ya dushe, amshin ya cakuɗe. Zaren asali ya fi ta nesa ba kusa ba, kuma in aka bar shi a baya yana iya lalacewa. Wannan rashi ne na gaske, ni ma zai yi mini ciwo. Amma Shata mai dusasshiyar murya Shata ne dai, ɗalibi zai iya nazarinsa, mai mota zai iya jin daɗinsa. Matar da ta yi waƙa a kan dutsen niƙa kuwa, in zarenta ya manne, ba wata kasuwa da za a je a auno muryarta. Saboda haka in ni aka ba makullin ɗakin da kwali ɗaya, zarurrukan da ba suna a bayansu zan fara zubawa a ciki, in kuma nemi tsofaffin ma'aikata da suka yi ritaya su zauna su saurara, ko wani zai gane mai muryar da garinsu.