Shin Tsayuwa a Rana Ibada Ce?

A aikin Hajjin 2024, wanda ya faɗo a tsakiyar watan Yuni, ma'aunin zafi ya kai digiri 51.8 a Masallacin Harami na Makka. Da aka kammala, ministan lafiya na Saudiyya ya sanar da rasuwar alhazai 1,301, ya ce kashi 83 cikin ɗari na mamatan mutane ne da suka shiga ba da izinin Hajji ba, suka yi doguwar tafiya a ƙasa cikin garjin rana, babu tanti babu mota. Allah Ya jiƙansu, Ya karɓi niyyarsu. Abin da ya dame ni shi ne darasin da wasu rayayyu suka ɗauka daga mutuwar. Akan ji mutum yana cewa ai wanda ya sha rana a Arfa ya fi wanda ya zauna a tanti lada, ko kuma riƙe lema raunin imani ne. Wannan tunani yana biyo mu har gida, ya shiga azuminmu da jana'izarmu da yadda muke sa yara da leburori aiki. Ra'ayina shi ne wahalar rana a karan kanta ba ibada ba ce, kuma wanda ya nemi inuwa bai rage komai daga addininsa ba.

Hujja mafi ƙarfi a kan haka tana cikin Sahihul Bukhari, daga Ibnu Abbas. Annabi (SAW) yana huɗuba sai ya hangi wani mutum a tsaye cikin rana. Da ya tambaya aka ce masa Abu Isra'ila ne, ya yi bakancen zai tsaya ba zai zauna ba, ba zai shiga inuwa ba, ba zai yi magana ba, kuma zai yi azumi. Annabi ya sa a gaya masa ya yi magana, ya shiga inuwa, ya zauna, azumin kuwa ya cika shi. A lura da yadda aka tace bakancen nan. Abubuwa huɗu mutumin ya ɗora wa kansa, kuma babu mai shakkar kyawun niyyarsa. An bar masa guda ɗaya, wanda Allah Ya shar'anta, an zubar da ukun da shi ya ƙago don ya ji jiki. Da a ce ƙunar rana tana da lada a kanta, da ita za a fara tabbatar masa, tunda ta fi sauran ciwo.

Sauran nassosi a wannan layi suke tafiya. An yi umarni a jinkirta sallar Azahar idan zafi ya tsananta har gari ya ɗan huce, alhali kowa ya san falalar salla a farkon lokaci. Muslim ya ruwaito daga Ummul Husaini cewa a Hajjin bankwana ta ga Usama da Bilal, ɗaya yana riƙe da akalar taguwar Annabi, ɗayan ya ɗaga mayafinsa yana kare shi daga zafi har ya yi jifan Jamratul Aƙaba. A Suratun Nahli Allah Ya lissafa inuwa da tufafin da ke kare mutum daga zafi cikin ni'imomin da Ya yi wa bayi. Abin da aka kira ni'ima godiya ake yi a kansa, kuma godiyar ni'ima ita ce a more ta.

Likitanci ya bayyana abin da wannan sauƙi yake karewa. Jikin mutum yana riƙe zafinsa a wajen digiri 37, kuma gumi ne babban abin da yake sanyaya shi. Idan ruwan jiki ya ƙare, ko zafin waje ya fi ƙarfin gumin, zafin cikin jiki yakan haura digiri 40, daga nan ƙwaƙwalwa ta rikice, mutum ya fara sambatu ko ya suma, ƙoda da hanta su soma lalacewa. Tsofaffi da ƙananan yara da masu ciwon suga ko hawan jini su ne kan gaba. Masu cewa baƙar fata ba ta jin rana sun kama rabin gaskiya ne kawai. Launin fatarmu yana tare wani kaso na hasken da ke ƙona fata, shi ya sa sankarar fata ba ta yawaita a cikinmu kamar yadda take a Ostareliya ba, amma launi ba ya hana jini yin zafi, kuma ba ya hana yanar ido, wadda yawan shan rana yake cikin abubuwan da ke kawo ta. Sannan a cikinmu akwai zabiya, waɗanda fatarsu ba ta da wannan garkuwa ko kaɗan, kuma sankarar fata tana kashe da yawansu tun suna da ƙuruciya. Ga zabiya, malafa da riga mai dogon hannu da man kare fata magani ne kamar kowane magani, kuma iyayen da suka tura irin wannan yaro talla da rana tsaka sun cutar da amanar da aka ba su, ko da ba su sani ba.

Mai ja zai ce, ina aka bar maganar da kowa ya sani, cewa lada gwargwadon wahala ne? Maganar tana da asali, domin an ruwaito Annabi ya gaya wa Nana A'isha cewa ladan umrarta yana daidai da ɗawainiyarta ko abin da ta kashe. Sai dai malamai sun daɗe da rarrabe wahala iri biyu. Imam Shaɗibi, Bamaliken Andalus da ya rasu a 1388, ya yi dogon bayani a littafinsa Al-Muwafaƙat cewa bawa ba shi da ikon ya nufi wahala don ladansa ya ƙaru, abin da zai nufa shi ne aikin, idan wahala ta zo tare da shi ba makawa sai a ba shi ladan haƙurinsa. Manomin da azumi ya riske shi a gona, da alhajin da motarsa ta lalace tsakanin Mina da Arfa ya ƙarasa da ƙafa, wahala ce ta same su a kan hanyar biyayya. Wanda tanti yake gabansa ya ƙi shiga, shi ya je ya nemo ta. Haka ma labarin Tabuka, inda Suratut Tauba ta zargi munafukan da suka hana mutane fita saboda zafi. Laifinsu shi ne sun fake da zafi sun guje wa wajibi. Ayar ba ta yabi zafin ba, kuma sahabban da suka fita ba su ƙi ruwa da inuwa ba duk inda suka same su.

Akwai wata hujja da ta fi wannan nauyi ga mai bin mazhabar Malikiyya, kuma bai kamata a ɓoye ta ba. An ruwaito Abdullahi ɗan Umar ya ga wani mai harami a kan raƙuminsa ya yi wa kansa inuwa, ya umarce shi ya fito rana saboda Wanda ya yi haramin dominSa. A kan haka Imam Malik da Imam Ahmad suka hana namiji mai harami yin rumfa a kan abin hawansa, Abu Hanifa da Shafi'i kuma suka halatta, suna kafa hujja da hadisin Ummul Husaini. Ina girmama wannan saɓani, amma a duba iyakarsa. Dukkansu sun haɗu a kan cewa mai harami yana iya zama a ƙarƙashin tanti ko rufin ɗaki. Maganar tasu ta shafi hukuncin rufe kai ne a cikin harami, babu wanda ya mai da ita ƙa'idar cewa rana tana wanke zunubi. Kuma ko a cikin haramin, wanda cuta ta matsa masa an ba shi mafita ta fidiya, kamar yadda aka yi wa Ka'abu ɗan Ujra da ƙwarƙwata ta addabe shi aka ce ya aske. Idan ƙwarƙwata ta isa uzuri, zafin da ke sumar da tsoho ya fi cancanta.

Wannan ma'auni yana aiki ta ɗaya ɓangaren kuma, domin akwai masu guje wa rana ɗungurungum suna ganin hakan kamala ce. Fata tana haɗa bitamin D ne idan hasken rana ya taɓa ta, hanta da ƙoda su ƙarasa sarrafa shi, shi kuma ya taimaki hanji ya tsotsi kalsiyam da ƙashi yake ginuwa da shi. Baƙar fata tana bukatar lokaci fiye da fara kafin ta haɗa adadi ɗaya, kuma hasken da ya ratso ta gilashin taga ba ya yin wannan aiki. An sami ƙarancin wannan bitamin da yawa a tsakanin matan ƙasashen Larabawa na yankin Gulf, inda rana ba ta yankewa amma rayuwa ta koma cikin ɗaki. Tsohon ginin Bahaushe ya warware matsalar ba tare da ya san sunanta ba: zaure yana tsare mutuncin gida, tsakar gida kuwa a buɗe take ga sama, inda mace take daka da shanya da wanki, hantsi leƙa gidan kowa yana samunta a cikin sutura. Yanzu ana gina gidaje a rufe ruf, wasu ma a rufe tsakar gidan da kwano. Maigidan da ya yi haka bai ƙara wa iyalinsa tsoron Allah ba, ya dai hana su abin da ƙashinsu yake bukata. Ba kowace lanƙwasar ƙafar yaro ce daga rashin rana ba, domin binciken da aka yi a Jos aka buga a 1999 ya nuna yawancin yaran da aka duba ƙarancin kalsiyam a abinci ne ya fi damunsu. Wannan ya ƙara nuna cewa jiki yana da haƙƙoƙi da yawa, hantsin safe ɗaya ne daga ciki.

Saura masu cewa ajali ba ya wuce lokacinsa. Gaskiya ne, kuma Wanda Ya rubuta ajalin Shi ne Ya yi umarni a jinkirta Azahar. Abin da ya fi ci mini rai shi ne mutanen da ba su da zaɓi, waɗanda sau da yawa ake yi musu wa'azin haƙuri daga cikin inuwa: ɗan dako a kasuwa, leburan da ke kwaɓa siminti da ƙarfe ɗaya na rana a watan Afrilu, almajirin da ke yawo babu takalmi. A azumin 2024 zafi ya kai digiri 48.5 a garin Kayes na ƙasar Mali, kuma duk yankin Sahel ya ɗanɗana irinsa. Saudiyya ta haramta sa ma'aikata aiki a fili daga ƙarfe 12 zuwa 3 na rana, tun daga 15 ga Yuni har 15 ga Satumba. Mai ginin da ke Kano ko Maraɗi ba sai ya jira doka ba kafin ya fara aiki bayan Asuba ya sallami mutanensa kafin rana ta take. Shari'a ta ɗauki inuwar jama'a haƙƙi ne, har aka tsoratar da mai yin bayan gida a inda mutane suke fakewa. Idan ɓata inuwa da ƙazanta ya kai haka, to wanda ya sare dalbejiyar bakin titi don ya faɗaɗa shagonsa, ya bar masu jiran mota a tsaye cikin rana, yana da tambayar da zai amsa.