Shin Sallama Daga Asibiti Ita Ce Warkewa?

Duk wanda ya saurari gaisuwar Bahaushe da kunnen basira zai lura cewa kalmar lafiya ba ta tsaya ga jiki ba. Akan tambayi kwana da gajiya, a tambayi iyali da aiki, amsar kuwa guda ce: lafiya lau. Hatta garin da babu husuma, zaman lafiya ake cewa ana yi a cikinsa. Sai dai da zarar an shiga asibiti, kalmar takan tsuke, ta koma abin da ake aunawa da ma'aunin zafin jiki da na hawan jini. Tambayar da nake so mu yi nazari a kanta ita ce: ma'aikaciyar jinya, wato nas, wace lafiya ce aka ɗora mata amanarta, mai faɗin ko tsukakkiyar?

Littattafan koyon jinya sun zaɓi mai faɗin. Tsarin mulkin Hukumar Lafiya ta Duniya, wanda ya fara aiki a 1948, bai ɗauki rashin cuta kaɗai a matsayin lafiya ba. Ya haɗa da cikakkiyar walwalar jiki da ta hankali da ta zamantakewa. A 1976 wani likitan Amurka, Bill Hettler, ya kasa walwalar kashi shida: jiki, zuciya, tunani, hulɗa da jama'a, sana'a da kuma ruhi. Ɗalibai kan haddace su don jarrabawa. Amma lissafi irin wannan yana da wani aibi, domin yakan nuna ɓangarorin kamar ɗakuna shida a jere, alhali kuwa azara guda ce ta riƙe su.

Bari mu ɗauki misalin da ba baƙo ba ne a ƙasar Hausa. Yarinya 'yar shekara goma sha biyar ta yi doguwar naƙuda, ɗan bai zo da rai ba, ita kuma ta tashi da yoyon fitsari. Miji ya sake ta, ƙawaye sun janye, ta daina zuwa biki, har tana kokwanton ingancin sallarta. Aka kai ta asibiti irin na Babbar Ruga a Katsina, aka yi mata aiki, yoyo ya tsaya. A takarda ta warke. To, ina za ta nufa idan an sallame ta, kuma a matsayin wa?

A nan ne ra'ayin Erik Erikson yake da amfani. Wannan masani, haifaffen Jamus da ya yi aiki a Amurka, ya bayyana a 1950 cewa rayuwar ɗan Adam hawa takwas ce, kowane hawa da gwagwarmayarsa. Jariri yana koyon yarda da duniya ko rashin yarda da ita. Matashi yana neman sanin ko shi wane ne, in bai samu ba ya ruɗe. Sabon baligi yana tsakanin kusanci da kaɗaici, tsoho kuma tsakanin gamsuwa da abin da ya shuka da nadama. Idan muka bi wannan ma'auni, cuta ba jiki kaɗai take kamawa ba, takan tare mutum a kan wani hawa ta hana shi wucewa. Yarinyar nan an tare ta a hawa biyu lokaci guda: ba ta gama sanin kanta ba aka kira ta matar aure, ba ta gama zama matar aure ba aka kira ta bazawara mai wari. Zare da allura ba sa ɗinke wannan.

Ba na cewa a haɗiye Erikson ɗungurungum. Ya auna girma da yadda mutum yake tsayawa da ƙafafunsa, mu kuwa mukan auna shi da kunya da kara da iya zama da mutane. Duk da haka tushen maganarsa daram yake: ba wanda yake hawa matakin rayuwa shi kaɗai.

Wani zai ce, kuma yana da hujja, wannan ɗora wa nas kayan da ya fi ƙarfinta ne. Mace ɗaya a ɗakin da ya cika da gadaje, ga allura, ga wankin miki, ga rubutu, a ce kuma ita za ta gyara aure da sana'a da imani? Har ma akwai masanan da suka soki ma'anar 1948, a wata maƙala ta 2011, bisa cewa sharaɗin cikakkiyar walwala ya mayar da kusan kowa marar lafiya. Na yarda da rabin wannan. Ba a nemi nas ta zama alƙali ko liman ba. Abin da ba shi da uzuri shi ne ta ƙi gani, domin ita ce take kwana a ɗakin, ita take ganin wadda ba a kawo wa abinci, da tsohon da ya juya fuska ga bango tun da aka fara kiransa da lambar gado.

An kuma taɓa nuna cewa kayan yana rabuwa. A 1954, a Aro kusa da Abeokuta, Dakta Thomas Adeoye Lambo ya saukar da masu taɓin hankali a gidajen mutanen ƙauyukan da ke kewaye da asibiti, kowane tare da ɗan'uwa mai jinyarsa. Da rana su je karɓar magani, da yamma su koma cikin jama'a. Bai ƙara wa ma'aikata nauyi ba, sai ya mayar wa dangi da maƙwabta rabonsu na jinya.

Nas ɗinmu ba ta da ƙauye a hannunta. Amma tana iya zama minti biyu a bakin gadon yarinyar kafin ranar sallama, ta ce, "Ƙanwata, wa zai zo ɗaukarki?" Idan yarinyar ta sunkuyar da kai ta yi shiru, wannan shirun ya kamata ya shiga fayil ɗinta, a layin da ke ƙarƙashin zafin jiki, a kuma aika a kira uwarta ko jami'ar jin daɗin jama'a kafin a sa hannu.