Yaye Da Haƙƙin Da Ke Wuyan Uba

Daga cikin mas'alolin da mutanenmu suka ɗauka ƙanana, har suka bar su a hannun tsofaffin mata kaɗai, alhali kuwa Allah Maɗaukakin Sarki bai raina su ba tun da Ya yi hukunci a kansu a surori uku na Littafinsa, akwai mas'alar yaye. Duk wanda ya san Madarumfa, garin da ke kudu da Maraɗi a kan hanyar iyakar Nijeriya, wanda Allah Ya hore masa tafki mai kifi da fadamun Gulbin Maraɗi, kuma masu ziyara suke zuwa kusheyin waliyyansa, ya san kuma cewa idan damina ta yi tsakiya, rumbuna suka yi ƙasa, zazzaɓin cizon sauro ya taso, sashen yara na asibitin garin yakan cika da masu tamowa, galibinsu waɗanda ke gab da barin nono ko waɗanda ba su daɗe da barinsa ba. Tun yunwar 2005, lokacin da likitocin ƙungiyar agaji ta MSF suka yi jinyar dubban yara a jihar Maraɗi, abin ya daina ɓoyuwa ga kowa. Saboda haka tambayar da ta kamaci mai hankali ita ce, wa Shari'a ta ɗora wa nauyin yaron da aka cire daga nono?

Aya ta 233 ta Suratul Baƙara ta ƙayyade shekara biyu cikakku ga wanda yake son cika shayarwa, kuma aya ta 14 ta Suratu Luƙman ta ambaci wannan adadin. Aya ta 15 ta Suratul Ahƙaf kuwa ta haɗa ciki da shayarwa ta sa su wata talatin, wanda daga nan ne aka ruwaito Sayyidina Ali ya ciro cewa mafi ƙarancin muddar ciki wata shida ce. Fuƙaha'u sun gina hukuncin raɗa'a, wato shayarwa, a kan wannan: Imamu Abu Hanifa ya kai muddar wata talatin, malamanmu na Malikiyya kuma suka yarda da ƙarin kamar wata biyu bayan shekarun nan biyu. Likitocin zamani, bayan dogon bincike, sun tsaya kusa da nan, gama Hukumar Lafiya ta Duniya tana horo da a ba jariri nono zalla wata shida, sa'an nan a haɗa masa da abinci ana ci gaba da shayarwa har shekara biyu ko fiye.

Amma abin da aka fi gafala da shi a ayar Baƙara shi ne ragowarta, domin bayan ta faɗi mudda sai ta juya kan uba, ta wajabta masa ci da tufafin mai shayarwa gwargwadon halinsa, ta hana a cutar da uwa saboda ɗanta ko uba saboda ɗansa, sa'an nan ta halatta yaye kafin wa'adi bisa sharaɗi biyu, wato yardar su biyun da shawara a tsakaninsu. Hikimar wannan sharaɗi a fili take ga wanda ya yi tadabburi. Muddin yaro yana kan nono, abincinsa yana jikin uwarsa. Ranar da aka cire shi, abincinsa ya koma rumbun ubansa, kuma ba ya cikin adalci a sauya wa mutum kaya daga wani kai zuwa nasa ba tare da ya sani ya shirya ba, kamar yadda ba ya halatta gare shi ya ce bai sani ba domin ya kuɓuta.

To, a duba yadda al'adarmu take. Ranar yaye sai a je wurin malam a karɓo rubutu, a shafa wa nono abu mai ɗaci, a goya yaro a kai shi gidan kakarsa, wani lokaci a wani ƙauye dabam, ya kwana yana kuka har ya haƙura. Ba na musun cewa akwai alheri a cikin wannan, gama kaka tana da haƙuri da tausayi, kuma zumuncin da ke ƙulluwa tsakaninta da jikan da ta yaye yakan daɗe har girmansa. Illa dai a yini guda an raba yaro da abinci da ƙirjin uwa da ɗakin da ya sani, aka sa masa kunun gero tsararo, wanda ke cika ciki ba ya gina jiki, alhali kifin tafki da ƙwan kajin gida da wake da gyaɗa da zogale suna tafiya kasuwa. Idan ya rame, ya kama zawo, ƙafafunsa suka kumbura, sai a ce iska ce ko baki, ba a tambayi wanda nafaƙa ke wuyansa ba.

Mafi tsanani daga wannan shi ne yayen gaggawa, wanda ake yi idan mace ta sami ciki tana goyo. Sai a ce nononta ya ɓaci, ya zama guba, a cire yaro tun bai yi ƙwari ba, ita kuma ta sha gori a wurin kishiyoyi da maƙwabta kamar ita kaɗai ta yi cikin. Wannan zance ba shi da madogara a Sunna. Imamu Malik ya kawo a cikin Muwaɗɗa, daga Judama 'yar Wahbu, cewa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi nufin hana gila, sa'an nan ya lura Rumawa da Farisawa suna yi ba ya cutar da 'ya'yansu, sai ya bari. Malik ya fassara gila da kusantar mace mai shayarwa, waɗansu malamai suka ce ita ce shayarwa da ciki. Kowace fassara aka ɗauka, abin da mai ciki da goyo take bukata shi ne ƙarin abinci da rangwamen aiki, kuma duka biyun a hannun mijinta suke.

Masu tarihi sun ruwaito cewa Sayyidina Umar ɗan Haɗɗabi, a zamanin halifancinsa, ya ji kukan wani jariri da dare a Madina, ya yi wa uwar faɗa, sai ta gaya masa, ba tare da ta gane shi ba, cewa tana tilasta masa barin nono ne domin Umar ba ya yanka wa yaro rabo daga baitulmali sai an yaye shi. Da gari ya waye sai ya yi kuka, ya zargi kansa da halaka 'ya'yan Musulmi, ya sa aka yi shela kada kowa ya gaggauta yaye, gama ya yanka rabo ga kowane abin haihuwa. Abin lura shi ne da ya san dalili bai ƙara ganin laifin matar ba, ya gane cewa uwa ba ta cire ɗanta daga nono da wuri sai wata lalura ta matsa mata, kuma gyaran yana wurin mai iko da dukiya.

Don haka ya wajaba ga limamanmu da malaman zaure a Madarumfa da Ɗan Isa da Gabi da Safo, waɗanda ke karantar da babin raɗa'a a littafin Risala domin a san wanda aure ya haramta da shi, su karantar da shi kuma domin a san haƙƙin mai shan nonon, su faɗa wa magidanta a wurin suna da ɗaurin aure. Kada a sa ranar yaye sai miji da mata sun zauna sun yi shawara. Kada a sa ta a tsakiyar damina in akwai halin jira zuwa kaka. A riƙa rage nono sannu a hankali bayan yaro ya saba da abinci mai gina jiki. Kuma uban da zai kai ɗansa gidan kaka ya kai shi da abin da za a ciyar da shi. Wanda ya bar wannan da gangan yana da hali ya tozarta amanar da za a tambaye shi a kanta ranar hisabi. Allah Ya sa mu gane, Ya raya mana zuriya.