Ga Masu Sammakon Ƙirga Tsuntsaye

Duk ɗalibin da ya taɓa zama a tashar binciken namun daji ya san tambayar da ke jiransa idan ya je gida hutu. Goggo za ta dube shi, ta dubi wandonsa da ƙaya ta yayyaga, ta ce, "Wai kai da digirinka tsuntsu kake bi a daji? To yaushe za ka fara aiki?" Ƙannena, maza da mata, ku amsa wa Goggo cikin ladabi, amma kada maganar ta kwana a ranku. Aiki kuke yi, irin wanda masu iya shi ba su da yawa a ƙasar nan.

A gefen Jos, kusa da ƙauyen Laminga, akwai dajin Amurum mai faɗin kimanin hekta 300. Duwatsu ne da ciyawa, sai siririn kurmi da ke bin bakin rafi. A nan cibiyar nazarin tsuntsaye ta A. P. Leventis, wadda aka fi sani da APLORI, take tun 2001, bisa haɗin gwiwar Jami'ar Jos da gidauniyar kare muhalli ta NCF da mutanen Laminga masu dajin. Ɗalibai daga Nijeriya da sauran ƙasashen Afirka ta Yamma suna zuwa su yi digiri na biyu a fannin kare halittu. A wannan ɗan fili kaɗai an ga tsuntsaye sama da iri 300.

Ranar kamu, tun duhu bai yaye ba ake fita, domin dole raga ta riga tsuntsu tashi. Wanda ya san hunturun Jos na watan Disamba ya san abin da nake nufi. Ragar baƙa ce, zarenta siriri, ana ɗaura ta tsakanin sanduna biyu yadda tsuntsu ba ya ganinta sai ya faɗa ciki. Ba a barin ta fiye da rabin sa'a ba a zagaya ba. Cire tsuntsu kuwa sana'a ce mai zaman kanta. Sai ka fara gane ta ɓangaren da ya shigo, ka kama ƙafafunsa, ka zare fiffike ɗaya, ka zare ɗayan, sannan ka fitar da kai, alhali yatsunka sun ƙandare, shi kuma yana ta saran ka da baki. Ka saka shi a jakar yadi ka kai teburi. Can za a riƙe wuyansa tsakanin manuniya da ɗan yatsan tsakiya, a matse masa zobe mai lamba a ƙafa da filaya, a auna fiffike da rula, a ɗora shi a sikeli. Sai a hura gashin ƙirjinsa a hankali ya buɗe, a ga ko akwai kitse rawaya a ƙarƙashin fata, domin kitsen nan shi ne guzurin mai shirin tafiya. Mai riƙe da tsuntsu yana faɗa, na kusa da shi yana rubutawa, da fensir, saboda biro ba ya jure raɓa. A buɗe hannu, tsuntsu ya yi gaba. Rana na fara zafi a naɗe raga.

Wannan ɓangaren ne ake ɗauka hoto a sa a Facebook. Babu mai ɗaukar hoton la'asar, lokacin da ɗalibi ke zaune gaban kwamfuta yana shigar da lambobi layi-layi, yana kokawa da manhajar lissafi ta R da ta ƙi aiki saboda waƙafi ɗaya, ga malami mai duba kundi ya dawo da babi na biyu jawur da gyara. A nan ne gwiwa ke sanyi. Akwai kuma safiyar da za ka taka daji na sa'o'i ba ka ga abin da kake nema ba ko da gashinsa. Ranar nan ma kada ka dawo da shafi fari. Rubuta sifili, da kwanan wata, da wurin, da yanayin sama. Wanda zai zo bayan shekara 20 yana son sanin lokacin da tsuntsun ya fara ɓacewa, da sifilinka zai gane.

Ku dubi abin da haƙuri irin wannan ya tono. Akwai ɗan jan tsuntsu mai zama cikin duwatsun Filato wanda masana ba su san iri ne na daban ba sai a 1998. Hanyar da aka bi aka gano shi ma abin a jinjina ce: wani tsuntsu ne baƙi mai sheƙi, wanda ba ya gina sheƙa, yake zuba ƙwansa a gidan jan, ɗansa ya tashi a can har ya koyi kukan masu gidan. Jin wannan kuka da ba a san mai shi ba ne ya sa aka shiga neman asalinsa. Hausawa sun daɗe suna yi wa hankaka kirari da mai da ɗan wani naka, to ga shi a duwatsun Jos an samu ƙaramin da ke wannan reno bai sani ba.

Ga kuma baƙin hunturu. Wani ɗan tsuntsu mai farar gira, mai son sauka a kan karan gona, wanda nauyinsa bai kai gram 20 ba, yana zuwa gonakin Jos bayan damina. Masu bincike daga Jami'ar St Andrews ta Sikotilan tare da na APLORI sun goya wa wasu 'yar na'ura da ba ta kai gram 1 ba, wadda ke adana lokacin fitowar rana da faɗuwarta, daga nan a lissafa inda tsuntsu yake a doron ƙasa. Na'urar ba ta aiko da saƙo. Sai an jira shekara, an sake kama shi wannan tsuntsun, an kwance ta. Kuma an kama, domin da yawansu gonar bara suke komowa. Da aka karanta sai ga hanya: sun ƙetare Sahara, sun ƙetare Bahar Rum, sun je Gabashin Turai sun yi ƙwai. Kafin a kai ga wannan, wani ya yi watanni yana tsaye a bakin gona da madubin hangen nesa yana karanta launin zobba a ƙafar da ba ta kai tsinken ashana kauri ba.

Kuma ba ɗalibi kaɗai nake wa magana ba. Ina gaishe da mai girki da ke hura wuta kafin kowa ya motsa, da direban da ya san ramin da mota ke kafewa in an yi ruwa, da maigadi, da ɗan ƙauyen da ke jan gaba a daji, wanda zai ji kuka ɗaya daga cikin kurmi ya faɗi mai shi tun ɗan jami'a bai buɗe littafi ba. A Gombe ta Tanzaniya, ba tamu ba, Jane Goodall ta fara bin birai masu kama da mutum a 1960. A 1975 'yan tawaye daga Zayar suka ƙetaro tafki suka sace mutum huɗu daga cikin baƙin masu bincike, sauran baƙi suka tattara suka bar wurin. 'Yan ƙasa ma'aikatan daji su ne suka ci gaba da bin biran suna rubutawa, shi ya sa tarihin bai yanke ba. Saboda haka kai ɗalibi, in ka zo rubuta kundi, sa sunan Baban da ya nuna maka hanya cikakke. In gudummawarsa ta kai, sa shi cikin marubuta takardar. Haƙƙinsa ne.

Ba zan ce muku akwai kuɗi a ciki ba. Abokin karatunka da ya shiga banki zai riga ka sayen mota, wataƙila ya riga ka aure. Amma ku tambayi kanku, wa zai yi in kun bari? Manyanmu sun tashi sun ga ungulu cike da kwata da bayan kasuwa, yau yaro a birni sai ya girma bai taɓa ganin ta ba, kuma tun 2015 ƙungiyar kare halittu ta duniya, IUCN, ta sa ta cikin halittun da ke dab da ƙarewa. Ta ɓace a gabanmu, masu ƙirga sun yi kaɗan. A fadamar Haɗeja da Nguru, madatsun Tiga da Challawa sun sauya zuwan ambaliya, kacalla ta toshe hanyoyin ruwa, tsuntsun jan baki na samun maɓoya a cikinta yana afka wa shinkafa da gero. Manomi da masunci da makiyayi na wurin suna buƙatar wanda ya iya awo, ya iya lissafi, kuma zai zauna a kan tabarma ya yi musu bayani da harshensu. Baƙo zai zo da kyakkyawar niyya, amma bizarsa za ta ƙare. Ku ne za ku tsufa a nan.

Don haka ku daure. Ku kwafe bayananku wuri biyu, ku sha maganin zazzaɓi tun bai kwantar da ku ba, ku kakkaɓe takalmi kafin ku zura ƙafa. Ke ƙanwata da aka ce daji ba na mata ba ne, riƙe ragarki, hannunki ba ya ƙasa da na kowa wajen zare fiffike. Tun 2015 ake aikin taswirar tsuntsayen Nijeriya, an yanka ƙasar gida-gida, kowane gida kimanin kilomita 9 a tsaye da kwance, kuma har yanzu akwai gidajen da ke jiran mai zuwa. In kun je gida hutun Sallah, ku ware sa'a biyu ku zagaya garinku da ƙaramin ƙaninku, ku bi ta bakin kududdufi da gonaki, ku biya ta kwata ku tambayi Sarkin Fawa rabonsa da ganin ungulu, ku rubuta abin da ya ce.