Haƙurin da ba ya jiran godiya

A Maraɗi ɗan riƙo ba baƙon abu ba ne. Uwa ta rasu wurin haihuwa, ko aure ya mutu, ko uba ya tafi cirani Libiya aka ji shiru, sai gwaggo ko inna ko kaka ta gyara majanyi ta goya. Galibi abin yakan tafi lafiya, yaro ya tashi bai ma san ba ita ta haife shi ba sai ya yi wayo. Amma akwai yaron da riƙonsa ke cin rai, kuma a wurinsa ne haƙurin mai riƙo yake shan gwajin da ba kowa ke gani ba.

Na san wata gwaggo a unguwar Bagalam da ke riƙon ɗan ƙanenta. Kafin ya iso gare ta ya zaga gidaje da dama, kowa ya riƙe shi ɗan lokaci ya miƙa gaba. In ya faɗi ya ƙuje gwiwa ba ya nufo ta da kuka, sai ya laɓe bayan randa ya yi tsit, in ta miƙa hannu ya sandare. Amma da mai tallan goro ta yi sallama, sai ya haye cinyarta, in za ta tafi ya bi ta har zaure. Maƙwabta suna ta yabo: "Kai, yaron nan ba ya ƙiwuya!" Ita kuwa gwaggon zuciyarta na suya. Tana ba shi tuwo ya ƙoshi, da safe ta tarar da loma ɓoye ƙarƙashin tabarma.

Ƙiwuyar da muke ƙorafi a kai alheri ce: tana nuna jariri ya san wadda yake dogaro da ita. Likitan ƙwaƙwalwar yara ɗan Ingila, John Bowlby, ya shafe rayuwarsa yana bayanin cewa jariri na buƙatar mutum tsayayye da zai amsa kukansa kamar yadda yake buƙatar nono. An ga gaskiyar haka a Romaniya bayan faɗuwar mulkin Ceausescu a 1989, lokacin da aka buɗe gidajen marayu aka tarar da jarirai sun daina kuka saboda ba mai zuwa. Wani bincike da aka soma a Bukarest a shekarar 2000 ya bi yara 136 daga irin waɗannan gidaje. Waɗanda aka mayar hannun iyayen riƙo, musamman kafin su cika shekara biyu, sun fi samun shaƙuwa. Ɗabi'ar bin kowane baƙo kuwa ta daɗe ba ta saki wasunsu ba.

Wani lokaci kuma nauyin tun daga ciki ya soma. Ba wanda bai san tramol a garin nan ba. Ɗan kabu-kabu na sha, mai noma na sha, wasu mata ma na sha don su iya da aikin da ya fi ƙarfinsu. Ƙwayar da ake tallanta a tire takan kai miligiram 225, alhali wadda likita ya saba rubutawa 50 ce. Maganin tari mai kodin shi ma ya yi ɓarna har Najeriya ta hana sarrafa shi da shigo da shi a 2018. Duka biyun suna ratsawa su kai ga ɗan tayi, jariri ya fito yana kuka mai tsini, jiki na ɓari, ya ƙi barci, ya kasa kama nono. Giya kuwa raunin da take yi wa ƙwaƙwalwar ɗan tayi ba ya gogewa. Tun 1968 likita Paul Lemoine ya bayyana shi a birnin Nantes na Faransa, a kan yara 127. Gwaggon nan raɗe-raɗi kawai ta ji game da uwar yaron, kuma mai yiwuwa har abada ba za ta tabbatar ba. Ba sai ta tabbatar ba kafin ta tausaya masa, ba kuma sai ta tsine wa uwar ba.

Mu a nan bai kamata darasin ya yi mana wuya ba, domin mun ga Tibiri. Shekara da shekaru yaran Tibirin Gobir suna shan ruwan famfo mai sinadarin fulorayid fiye da kima, haƙoransu suka rine, ƙafafun ɗaruruwa suka lanƙwashe, har ƙungiyar kare haƙƙin ɗan Adam ta FIDH ta fitar da rahoto a kai a 2002. Wa ya taɓa ɗaukar bulala ya ce wa yaron Tibiri ya miƙe ƙafarsa? Kowa ya san abin da ya shiga jikinsa ba da saninsa ba ne ya yi masa haka. Ɗan riƙon nan ma haka ne, illa dai nasa raunin ido ba ya ganinsa, sai muka sa masa suna taurin kai da butulci. Wani ya ce iska ce, wata ta ce jinin uwarsa ne, wata ta taɓe baki ta ce tsintacciyar mage ba ta mage.

Wannan maganar ta ƙarshe ita ce ta fi yi mini ciwo, domin tana fallasa abin da muke ɓoyewa: muna riƙo ne muna jiran sakayya. Muna so yaro ya rugo ya rungume mu, ya ce "Inna" da bakin da ke cike da ƙauna, mutane su gani su ce Allah ya saka. Wannan yaron ba shi da abin biya yanzu, wataƙila sai bayan shekaru, wataƙila ma ba yadda ake so ba. Haƙurin da ake nema a nan shi ne a ci gaba da bayarwa ga wanda bai iya nuna ya karɓa ba. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi wa mai riƙon maraya albishir da kusanci da shi a Aljanna, kuma bai gindaya sharaɗin marayan ya zama mai daɗin sha'ani ba.

Kuma ba haƙurin cije baki nake nufi ba, irin wanda ake ce wa mace ta yi a rufe magana. Wannan haƙuri ne mai aiki. Abinci a kan lokaci kullum, har yaro ya yarda gobe ma akwai. In za ta kasuwa ta faɗa masa za ta dawo bayan la'asar, ta kuma dawo. In ya yi ɓarna a tsawata masa a zaune kusa da shi, ban da duka, ban da kulle shi a ɗaki, domin tsoro ne tushen ciwon, duka kuwa ƙara shi yake yi. A yi masa addu'a, a kuma kai shi asibitin uwa da yaro a duba jinsa da ganinsa da girmansa, a faɗa wa likita abin da ake zargi ba tare da kunya ba.

Mafi girma duka, kada a sake miƙa shi gaba. Masu lambu a Jiratawa sun san dashen da ake tumɓukewa yau a kafa can, gobe a sake tumɓukewa, ba ya kama ƙasa ko da an cika shi da ruwa. Duk lokacin da dangi suka taru suka ce "a kai shi wurin kawunsa ya gyara shi", ko a haɗa shi da allo da ƙoƙo a tura shi wani gari don a huta, tabbatar masa ake yi cewa ba wanda zai zauna.

Sai dai mace ɗaya ba za ta iya wannan ita kaɗai ba, kuma zalunci ne a yaba haƙurinta daga nesa. Maigida ya daina ce mata "ke kika ɗauko wa kanki". Ƴan'uwan da suka sauke nauyin a kanta su kawo hatsi da kuɗin magani, wata ta zo ta kama mata daka da wanki, wata ta zauna da sauran yaran, don ta samu ta runtsa da rana, yaron kuma ya kwana inda ya saba kwana.